Yashin da Zai Zama Ƙwaƙwalwa

Ni magini ne. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana. In an gaishe ni na amsa. In an tambaye ni na ce eh ko a'a. Da na tsaya a haka, da yanzu ina kwana a ɗakina.

Abin ya faro ne daga rufin ɗakin Tsohuwa, wato matata. Kwanon ya yi tsatsa, ya huje ta ko'ina. Daminar bara robobi ta jera a ƙasa kamar mai tallar ruwa. Na yi mata alkawari kafin ruwan bana zan sauya shi. Na tara sabon kwano da katako da ƙusa, na jingine a tsakar gida. Kullum in ta zo wucewa sai ta shafa kwanon nan kamar kan jikanta.

Ana nan sai mijin 'yata Auta ya zo gaishe ni. Ya same ni a bencin shagon Mai Aski, inda muke zama da hantsi. Surukin nan nawa ma'aikacin ofis ne, mai ladabi har ya yi yawa. Bai taɓa kallon ƙwayar idona ba. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya koma gefe yana leƙen waya.

"Ɗan nan, me kake ta leƙe kamar wanda matarsa ke ɗakin haihuwa?" in ji Mai Aski.

"Kasuwar hannun jari ce, Kawu."

"Kasuwa? Ina rumfunan?"

Ya ce ba ta da rumfa. Ya ce mutum yana sayen wani ɗan yanki na kamfani, in kamfanin ya yi gaba shi ma ya yi gaba. Ya ce yanzu masu zuba jari sun rabu biyu, wasu na cewa kasuwar za ta ƙara hawa, wasu na cewa ta kai maƙura, saura faɗowa. Duk rigimar kuma a kan kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da ta mota da ta kwamfuta ce, wani ɗan abu da bai kai farcen yatsa ba.

Mai Aski ya kaɗa almakashi ya dube ni. "Baba Magini, kada ka wahalar da kanka. Wannan zancen ba na masu kwaɓa siminti ba ne."

Tela, wanda shagonsa ke jikin na Mai Aski, ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa. Abin ya sosa mini rai. Na juya ga surukina.

"Da me ake yin ta, ƙwaƙwalwar?"

"Asalinta dai daga yashi ne, Baba."

"Yashi?"

"Eh, Baba, sai dai..."

"Yashin da na sani?"

"Eh to, Baba, sai dai ana..."

"Ya isa."

Na miƙe tsaye. Ban san daga ina maganar ta riƙa fitowa ba. Na ce tun kafin a haifi uban mai kamfanin nake cikin yashi. Na ce in na damƙa na san na kogi, na san na kwari, in na ɗanɗana na san mai gishiri. Na ce su yara suna sayen lamba a cikin waya, ni kuwa daga tushe zan tare kasuwar. Duk mai son ƙera ƙwaƙwalwa a duniyar nan, ta ƙofar gidana zai bi, kuma sai ya yi sallama.

"To, Baba Magini, ina kasuwar ta nufa?" in ji Mai Aski.

Na ɗaga yatsa. "Sama."

Rabona da doguwar magana irin wannan tun ranar da na je neman auren Tsohuwa.

Mai Tifa ya daɗe yana zawarcin kwanon nan. Ranar da Tsohuwa ta tafi duba Auta na aika aka kira shi. Muka yi musaya: ya kwashi kwano da katako da ƙusa, ya kawo mini yashi. Na ce ya juye kusa da gida don in riƙa sa ido. Ya juye kusa ƙwarai. Da Tsohuwa ta dawo ta tarar babu ƙofa.

Ta tsaya da kwandonta tana duba ko layi ta ɓata. Sai ta hango ni a saman tsibin, da cebur a kafaɗa.

"Malam, ta ina ake shiga gidan nan?"

"Ta sama."

Ta tattare zane, ta hau da rarrafe, ta sulala ta ɗaya gefen har cikin gida. Na ƙirga a raina. Ban kai ko'ina ba na ji muryarta.

"Malam! Ina kwanona?"

"Yanzu kika taka shi."

Na yi mata bayani a taƙaice. Na ce yashin nan ƙwaƙwalwa zai zama.

"To ka fara ɗiban kaɗan ka zuba a taka," in ji ta.

Na ce kafin ruwa ya sauka ba kwano ba, rufin siminti zan zuba mata, in ta so har da bene.

"Ni ban ce bene ba. Gwiwata ba ta hawa. Kwanona nake so."

"Mata ba su san jari ba."

"Amma sun san yoyo."

Da farko dariya aka yi ta mini. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Baba Magini, ya ƙwaƙwalwa?" Ban kula kowa ba. Sai ga shi wata safiya rediyon Mai Aski ya ce hannun jarin kamfanonin nan ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Kafin in gama karyawa na ji ana sallama ƙasa-ƙasa a bayan tsibi. Mai Aski ne.

"Baba Magini, ai ka san ni da wasa. A ɗan yanka mini wani gefe mana."

"Me ka kawo?"

"Aski kyauta, har ƙarshen rayuwa."

Na cire hula na nuna masa kaina. Babu ko sili, sai ƙyalli.

"To har da gemu," in ji shi.

Na karɓa. Na kafa sanda, na ce daga nan zuwa can nasa ne. Tela ya ji labari ya zo a guje da tef ɗin awo a wuya, shi ma na yanka masa. Washegari aka yi iska, ta ɗebi yashi daga gefen Mai Aski ta watsa a gefen Tela. Sai da na raba su.

"Jarina ne ya koma wajensa!"

"Ni na kira shi? Da ƙafarsa ya zo!"

Na ce haka kasuwa take, yau gare ka gobe ga wani, kowa ya koma shagonsa. Suka tafi suna jinjina ilimina.

Na aika aka kira surukina don ƙarin bayani. Na tambaye shi yadda masana'antar take. Ya ce tsafta ce ta fitar hankali, ƙura ko ɗaya ba a yarda ta shiga ba, ma'aikata fararen kaya suke sawa su rufe har hanci.

"Amma Baba, ita masana'antar..."

"Na gane."

Abin da Tela ya biya da shi ke nan: farar riga har ƙasa. Na sa ta, na ɗaure hanci da tsohon ɗankwalin Tsohuwa, na ɗauki rariyar da take tankaɗe gari, na hau aiki. Na hana kowa zuwa kusa da takalmi. Mai Aski da ya zo duba rabonsa sai da ya wanke hannu ya toshe baki. Yashi ya yi laushi, ya yi kyau, in ka zuba a tafin hannu kamar sukari.

Kyanwoyin unguwa su ma sun yaba. Ban san akwai kyanwa da yawa haka a layinmu ba. Ta katanga suke zuwa, ta kan rufi, har da waɗanda ban taɓa gani ba, kamar an yi musu shela cewa an buɗe sabon makewayi. Su tona, su yi abin da ya kawo su, su rufe da kyau, su tafi.

Mai Aski ya zo da baƙo, wani ɗan'uwansa da yake so ya shigar cikin harkar. Ya cusa hannu har gwiwa a gefensa don ya nuna masa laushin kaya. Ya zaro hannun a hankali. Ya duba. Ya shinshina.

"Baba Magini, ribar ce ta fara fitowa?"

Baƙon bai zuba jari ba.

Na ɗura mafi kyawun yashin a kwalba, na toshe da tsumma, na ba surukina. Na ce ya aika wa kamfanin su gani, kuma ya gaya musu ba na ragi. Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki, ya rufe. Na ga yana share gumi, na ce yaron nan nauyin amanar ne ya dame shi.

Don ya sauya zance, ina jin, sai ya ce kasuwar ma ta ɗan rikice a makon. Wai an fito da sabuwar fasaha, ƙwaƙwalwar ta ƙara ƙanƙancewa, kuma masu jari na gudun duk kamfanin da bai rungumi sabon salon ba.

"Ƙanƙanta kamar yaya?"

"Abubuwan da ke cikinta, Baba, gashin kai ma gungume ne a kansu."

Na dubi yashina. Kowace ƙwaya sai na gan ta kamar dutsen murhu. Wato ina zaune da tsohon yayi ban sani ba. Ni kuwa ba a bari na a baya.

Na cika buhuna na tura a baro zuwa wajen Mai Inji, wanda ke niƙa wa matan unguwa hatsi.

"Baba Magini, me za a niƙa?"

"Sabuwar fasaha."

Ya kwance bakin buhu, ya dube ni, ya sake duban buhu. Ya ce injinsa ba ya cin yashi. Na ce Mai Aski da Tela sun riga shi shiga, in yana so ya mutu yana niƙa wa mata gari, ruwansa. Na juya baro. Ya riƙo hannuna.

"Wane gefen za a ba ni?"

Injin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba, kamar ana yanka jaki. Ƙura ta turnuƙe, muka fito fari fat, ido kawai ake gani. Amma ya niƙu. Ya fito lukui, in ka hura sai ya tashi. Na kai shi na zuba a ƙololuwar tsibi, na ce wannan shi ne kayan gobe.

Mai Inji ya kakkaɓe injin sama-sama ya ci gaba da karɓar niƙa.

Da rana tsaka unguwar ta ɗauki wani sauti. Daga kowane gida sai ƙaras, ƙaras. Tela ya fito da guntun haƙori a tafin hannu. Mata suka yi dafifi a ƙofata, kowace da ƙwaryar garinta, suna magana lokaci ɗaya. Wata ta ce mijinta ya tambaye ta ko da bulo ta yi girki. Na tsaya a saman tsibi cikin farar rigata, na ce duk sabon abu da ɗan wahalarsa yake zuwa. Wata ta jefe ni da ludayi.

Tsohuwa ta fito. Ta karɓi garin da matan suka zubar mata, ta ba su nata mai kyau. Sannan ta riƙa yi mini girki da nasu, safe da rana.

"Ci, Malam. Ƙwaƙwalwa ce."

Na ci. Ban nuna komai a fuska ba. Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, yashin ta tsakaninsu yake wucewa.

Daga nan masu jarina suka rabu biyu, daidai yadda surukina ya ce ana yi a waya. Tela ya ce shi ya ga alamar faɗuwa, a mayar masa da rigarsa. Mai Aski ya ce a daure, wanda ya riga ya sa hannu har gwiwa ba ya ja da baya. Mai Inji ya ce shi dai a saya masa sabon faranti na inji, ko sama ko ƙasa. Na ga in ban yi wani abu ba za a watse. Na kira taron masu jari a gindin tsibi, na ce surukina zai zo da amsar kamfani.

Ranar taro unguwa ta cika. Har matan niƙa sun zo, sun tsaya daga baya da hannu a ƙugu. Surukina ya iso, Auta na biye da shi. Na sa farar riga na hau ƙololuwa, kan kayan gobe. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗawa.

"Baba Magini," in ji Tela da sabon giɓinsa, "hadarin nan fa?"

"Zai wuce."

"Ka tabbata?"

"Mutumin da ya san inda kasuwar duniya ta nufa, gajimare ne zai gagare shi?"

Na yi gyaran murya, na ce surukina ya fito ya faɗa wa jama'a abin da kamfani ya ce. Ya fito. Ya durƙusa. Ya kalli ƙasa kamar zai haƙa rami da ido.

"Baba... kamfanin dai... suna gaisuwa."

"Sai me?"

"Suna... gaisuwa sosai."

Auta ce ta ture shi gefe. Halin uwarta ta ɗauko, ba ta da birki.

"Baba, kwalbarka tana kan firij ɗinmu. Babu inda aka aika ta. Mutumin nan ya daina cin abinci saboda kai. Ba irin wannan yashin ba ne. Wani iri ne daban, a narka shi a wuta, a tace, a sake tacewa, a masana'antar da ta fi unguwar nan girma. Naka na bulo ne, Baba. Na bulo!"

Na dubi surukina.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ce sai dai, Baba."

"Me ya hana ka ƙarasa?"

"Kun ce ya isa."

Ina neman abin da zan ce, ɗigon farko ya sauka a tsakiyar sanƙona. Na biyu bai jira ba. Sama ta ɓalle kamar an kifar da randa.

Kayan gobe ne suka fara tafiya. Da yake lukui ne, ruwa na taɓa shi ya zama kunu ya gangara. Na ji ƙasa na gudu a ƙarƙashina. Na ware hannu, ƙafafuna suka yi sama, na taho a zaune tun daga ƙololuwa har bakin kwata, farar riga ta naɗe mini a wuya. Sandunan iyaka suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

"Jarina!" in ji Mai Aski. Ya bi ruwa da bokiti yana kamfata.

"Wancan nawa ne, ɓarawo!" Tela ya bi shi da kwandon shara.

Duk abin da kyanwoyi suka ajiye ya taso sama yana yawo a tsakaninsu. Yashi ya toshe kwata, ruwa ya rasa hanya ya juya ya shiga shagon Mai Aski, ya fito da gashin mutane da soso da kujerar roba. Matan niƙa suka fake a barandar Tela suna dariya har da riƙe ciki. Wadda ta jefe ni da ludayi ta ɗaga murya.

"Baba Magini, ina kasuwa ta nufa?"

Ban amsa ba. Bakina cike yake da jari.

Ana cikin haka Mai Tifa ya zo wucewa, ya danna mini oda, ya ɗaga hannu. Daga baya na ji da kwanona ya rufe garken awakinsa. Awakin ko ɗigo bai taɓa su ba.

Surukina ne ya ciro ni daga kwata. Yana riƙe da ni, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, fuskarsa ta sauya.

"Lafiya?"

"Kasuwa ta faɗi, Baba. Nawa ma ya tafi."

"Ina ya tafi?"

"Ban sani ba, Baba. A waya yake."

Na tofar da yashi, na nuna masa ƙarshen layi inda ruwa ke kwarara cikin babban rami.

"Ni dai na ga inda nawa ya bi."

"Haka ne, Baba."

Ƙofar gida ta buɗe a karon farko tun zuwan tifa. Na shiga ina ɗigar ruwa. Na tarar Tsohuwa ta gama aiki. Gadonta, akwatinta, madubinta, duk sun koma ɗakina, wanda rufinsa lafiya lau. Tabarmata da filona da rediyona suna ɗakinta, a tsakiyar robobi. Ta jera su da kyau, kowace a ƙarƙashin hujinta.

"Na bar maka babban bahon," in ji ta. "Na saitin kai ne. Ya fi cika da wuri."

"Na ce zan yi miki rufi."

"Ka yi mini. Ga shi ina ciki."

Ta ja ƙofa.

Yashin da ya rage na yi wa Mai Aski gyaran dakalin shagonsa da shi. Rigar Tela ta koma tsumman goge ƙasa. Mai Inji har yanzu in ya gan ni sai ya rufe shago. Surukina ya aiko Auta ta ce in damina ta wuce zai taimaka da kwano, in jarinsa ya farfaɗo. Na ce a gaya masa ina gaisuwa sosai.

Jiya da rana aka sake yin ruwa. Ina kwance a tsakiyar robobi, wannan ta ce tal, waccan ta ce tal, sai na ji Tsohuwa ta ƙwanƙwasa bango daga ɗakina.

"Malam, masu jari na tambaya. Ina kasuwa ta nufa yau?"

Na ɗaga kai na dubi rufi. Wani sabon huji ya buɗe, daidai inda babu roba. Ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya sauko mini a goshi.

Na ce, "Ƙasa."

Wannan karon ban yi kuskure ba.